Neman Kwangilar Gwamnati: Daga Teburin Tanda Zuwa Burkusuma



Kafin a shiga maganar doka, ya kamata a saurari yadda Bahaushe yake faɗar abin da bakinsa. Kalmar "kwangila" baƙuwa ce, daga Ingilishi aka aro ta, haka ma "tanda", wadda ta zo ta tarar da tandar waina suka yi tarayya a suna. Amma aikatan da suke raka kalmar na gida ne. Ana cewa "an ba wane kwangila" kamar yadda ake cewa an ba shi riga ko doki, ana kuma cewa "wane ya samu", sai a tafi yi masa barka. Da wuya a ji an ce wane ya fi 'yan'uwansa araha da gwaninta shi ya sa aikin ya faɗa hannunsa. Watau a kunnen jama'a kwangila kyauta ce daga mai mulki, kyauta kuwa tukuici take bukata. Wannan ɗabi'a ta girmi kalmar da kanta, domin a cikin Kitabul Farƙi Shehu Usmanu ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin al'adun da ya soka, a wannan ƙasa ta Gobir tun kafin Alƙalawa ta faɗi a 1808.

Doka kuwa ciniki ta ɗauki kwangila. Gwamnati ce mai saye, da kuɗin jama'a, ɗan kwangila mai sayarwa, tanda kuma ita ce kasuwar da ake taya kaya a fili.

Nijeriya ta daɗe tana biyan kuɗin rashin wannan kasuwa. A 1975, lokacin da kuɗin man fetur ya tumbatsa, Ma'aikatar Tsaro ita kaɗai ta yi odar siminti wajen tan miliyan 16, alhali bukatarta ba ta kai tan miliyan 3 ba. Jiragen ruwa fiye da 400 suka yi cincirindo a gaɓar Legas, wasu suka yi watanni suna jiran sauke kaya, gwamnati tana biyan kuɗin jira kullum, siminti yana daskarewa a cikin jirgi. A nan kusa kuma, kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori tsakanin 1974 da 1978. Gini ya tsaya, amma manoman da aka karɓe wa gonaki ba a sallame su yadda ya kamata ba, har rikicin Afrilu 1980 ya ci rayuka. Wani bincike da Bankin Duniya ya gudanar tare da gwamnati a 1999 zuwa 2000 ya ƙiyasta cewa cikin kowace naira ɗaya da ake kashewa, kwabo 60 yana zurarewa ta bayan fage. Sakamakon haka gwamnatin Obasanjo ta buɗe ofishin bin ƙa'ida a 2001, sa'an nan marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sa hannu a Dokar Sayayyar Gwamnati ranar 4 ga Yuni 2007, wadda ta kafa hukumar BPP.

Tsarin da dokar ta shimfiɗa ba shi da wuyar ganewa. Ma'aikata ba za ta nemi kaya ba sai akwai kuɗinsu a kasafi. Za ta yi shela a allon sanarwarta da jaridun ƙasa aƙalla biyu, ta ba da wa'adi. Mai nema zai rubuta farashinsa, ya liƙe ambulan, ya jefa a akwati, a manyan ayyuka kuma ya haɗa da jinginar banki wadda ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na farashin ba. Da cikar wa'adi sai a buɗe akwati a gaban masu nema, a karanta sunan kowa da kuɗinsa da babbar murya, ga wakilan ƙungiyar masana sana'ar da na ƙungiyar sa-kai suna kallo. Wanda ya fi sauƙin farashi cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa shi ne da aiki. Kafin alƙalami a asalin dokar kashi 15 ne cikin 100, Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa 30 ga 'yan kwangilar gida. Ma'aikacin da aka kama da maguɗi, kamar daddatsa babban aiki gida-gida don a kauce wa tanda, hukuncinsa ɗaurin shekara 5 ne aƙalla, babu zaɓin tara, ga kora. Wannan doka ta tarayya ce. Jihohi suna da nasu, galibi a kan wannan zubi. Abin dariya, in da abin dariya ne, majalisar da dokar ta ce a kafa don ta sa ido a kan BPP ta yi fiye da shekara goma ba a rantsar da ita ba, Majalisar Ministoci ta ci gaba da amincewa da manyan kwangiloli duk mako.

To, yanzu a ɗauki wannan tsari a kai shi Burkusuma, a ƙaramar hukumar Sabon Birni, dab da iyakar Nijar. A ƙaddara ana son bencina da tebura don makarantar firamare. Kafintan da zai iya wannan aiki yana nan a kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, ya san katako, ya san hanya, ya san direban da zai yarda ya bi ta. Amma tanda ba ta tambayar wanda ya iya riƙe zarto sai bayan ta tambayi takardu. A kwangilar tarayya ana neman rajistar kamfani, da shaidar biyan haraji ta shekara uku, da takardun hukumomin fansho da horar da ma'aikata da inshorarsu, da shaidar banki. Kowace takarda da dalilinta, ba a musu. Sai dai kafinta ba shi da ko ɗaya, shelar ma da Ingilishi aka buga ta a jaridar da ba ta zuwa garinsu.

Saboda haka mai takardu, wanda ofishinsa jakar hannunsa ce, shi yake cin tanda a Sakkwato ko Abuja. Ya cire rabonsa ya sayar wa wani, wannan ma ya yanki nasa ya miƙa gaba, har aikin ya iso hannun kafintan nan da aka tsallake tun farko, da ragowar kuɗin da ba za su sayi katakon kirki ba. Shi kuma ba zai yi asara don Allah ba, sai ya rage kauri, ya rage ƙusa. Benci ya yi damina ɗaya ya karye, a ce kafintocin ƙauye ba su iya aiki ba. Ga kuma jinkirin biya. Doka ta ce in an wuce kwana 60 ba a biya ba, gwamnati za ta ƙara ruwa, amma ɗan kwangilar da ya san zai yi shekara yana sintiri a baitulmali tun a farashi yake cusa ladan jiransa, wanda jarinsa ƙarami ne kuwa ba ya ma tunkara.

Rashin tsaro ya zo ya ƙara wa Barno dawaki. A watan Satumba 2021 'yan bindiga suka afka wa sansanin jami'an tsaro a Burkusuma, a watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya cikin mota a yankin Sabon Birni, a Agusta 2024 kuma aka kashe Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, a hannun waɗanda suka sace shi. Inda hanya ta zama haka, kuɗin dako yana hawa da gaske, wannan uzuri ne karɓaɓɓe. Dokar ma ta yarda a ba da aiki kai tsaye a halin gaggawa, da sharaɗin a rubuta rahoto bayan ƙura ta lafa. Haɗarin yana wajen dubawa. Ba a biyan ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai injiniya ko jami'in sito ya sa hannu cewa ya gani da idonsa. In tsoro ya hana shi zuwa, ya zauna a ofis ya sa hannu bisa hoton da aka nuna masa a waya, to rijiyar burtsatse ta kammalu a fayil, matan garin kuwa suna nan da tulunansu. Wannan sa hannu na ƙaramin ma'aikaci ya fi na kwamishina nauyi, domin shi ne yake mai da takarda kuɗi. Tun 2019 hukumar ICPC take bin sawun ayyukan mazaɓu, ta kuma tilasta wa 'yan kwangila da dama komawa bakin ayyukan da aka riga aka biya su.

Wanda aka zalunta a tandar tarayya yana da kwana 15 na aiki ya kai kuka ga shugaban ma'aikatar a rubuce, in bai gamsu ba ya wuce BPP, daga nan sai Babbar Kotun Tarayya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 kuma ta ba kowa, har ɗalibi, damar tambayar hukumar tarayya wa aka ba aiki, kuma nawa.

Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa, amma in ta tabbata, teburin tanda na bencina da magunguna da rijiyoyi zai matso sakatariyar Sabon Birni da ta Isa, inda kafinta zai iya zuwa da ƙafarsa. Babu abin da ya hana kansiloli su tsaga aiki bisa garuruwa tun a kasafi, a fili, yadda ƙaramin jari zai iya ɗauka, ko kafintoci su haɗu su yi rajistar ƙungiya ɗaya mai takardu. Babu kuma sashen doka da ya hana a fassara shelar tanda da Hausa, a karanta ta a gidan rediyon Rima, a manna ta a ƙofar hakimi ranar kasuwa, da boko da ajami.