Da Me Ake Auna Zafin Wutar Narkar Da Ƙarfe?

Jama'a masu sauraro, wani maƙeri ne ya aiko da wannan tambaya, ya ce ai ma'aunin zafi na asibiti fashewa zai yi.

To Malam, wayoyi biyu ake haɗe bakinsu. Ɗaya ta ƙarfen filatinam ce zalla, ɗayar an gauraya ta da rodiyam kashi 10 cikin ɗari. In mahaɗin ya ɗau zafi, sai 'yar wutar lantarki ta taso, a karanta ta a mita. Bafaranshe Le Chatelier ya fito da dabarar a 1886.

Amma sai an gwada ta da zinariya tsantsa, wadda ke narkewa a digiri 1064 na Selshiyas. In mita ta nuna wani abu daban, a gyara lissafi. Kamar sikelin kasuwa ne, wanda ba a gwada ba asara yake jawowa. Da fatan ka gamsu.