JAWABI GA MATASANMU KAN INJIN DA AKA ƘARA WA ƘARFI

Mai girma Sarkin Hausawa, iyayenmu malamai, 'yan uwa 'yan kasuwa.

Maganarmu yau a kan motocin nan ne da samarinmu ke kai wa bakanike a sa musu turbo, a taɓa ƙwaƙwalwar mota, a huda salansa don ta riƙa ruri. To, masu ƙera inji sun auna abin da fistin da karanshaf za su iya ɗauka. Ka ƙara wuta, zafi ya ƙaru, baƙin mai ya tsinke, sai inji ya buga a tsakiyar hanyar Legas zuwa Ibadan.

In haka ta faru, don Allah a kashe mota nan take, kada a ce bari a lallaɓa zuwa Shagamu. Kuɗin janwe bai kai kuɗin inji ba. Kada a buɗe lagireto da zafinsa, ya sha ƙona mutane. In ta huce a zaro sandar awon mai. In mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga, galibi gaskit ne ya ƙone. In kuwa ƙwanƙwasa ake ji daga ƙasan inji, magana ta kai karanshaf.

Mu da muka daɗe muna zirga-zirga a kasuwar Ladipo, shawararmu ita ce: ko gyara za a yi, ko tokumbo za a saya, a fara mayar da ƙwaƙwalwar yadda kamfani ya saita ta. In ba haka ba, sabon injin ma hanyar tsohon zai bi. Kuma a sa mai sayarwa ya rubuta kwanakin garanti a jikin rasit.