Ba iska ba ce: yaro mai ciwon sukari da shanyewar ɓarin jiki



In aka ce ciwon sukari, alhaji mai tumbi muke hangowa. In aka ce shanyewar ɓarin jiki, sai mu tuna tsofaffi. To, ɗan shekara goma ma suna kama shi, amma a gidajenmu iska ake cewa, ko sammu.

Sukarin yara daban yake. Jikinsu ne ya daina yin insulin. Yaro ya yi ta fitsari, ya yi ta shan ruwa, yana ci yana ramewa. In babu allura, ruwan jiki ya ƙafe, jini ya gurɓace, numfashi ya yi zurfi. A nan ne ƙwaƙwalwa kan kumbura, wani lokaci jini ya daskare ya toshe mata jijiya. Akwai ma wata cuta da ba a cika gani ba, moyamoya, likitocin Japan suka raɗa mata suna a 1969: manyan jijiyoyin gindin ƙwaƙwalwa su tsuke, ƙanana su tsiro kamar hayaƙi. Akan same ta ga masu sukari, amma mu nan ta ƙofar sikila ta fi kusa da mu.

Ku riƙe wannan. In bakin yaro ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ba lokacin turare ba ne, a yi asibiti. Sukari in ya faɗi ƙasa sosai ma haka yake yi, kuma shi nan take ake gyara shi. Ɗigon jini ɗaya a yatsa ke nunawa, cikin minti guda. Minti guda fa, jama'a!

Tun 2006 Nijar ta ce magani kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Madalla. Sai dai sukarin yara galibi bayan nan yake bayyana, insulin kuwa kullum ne har ƙarshen rai. Manomin ƙauyen Illela zai sayar da akuya ya kai ɗansa Galmi ko Tawa. In an ce sai Yamai, daga Ƙonni ma ya fi kilomita 400. Wata mai zuwa me zai sayar?

Abin da muke nema, kyautar nan ta haɗa da insulin na yara komai shekarunsu. Kafin nan, kowa ya je CSI ta unguwarsu makon nan ya tambayi majo: kuna da na'urar awon sukari mai aiki? Kuna da insulin a firiji? Ku rubuto mana amsar, da sunan garin.