Biyan Bashi da Bashi: Jawabin Taron Cika Shekara



Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Da aka rufe iyakar Najeriya da Nijar a Agustan 2023, kaya suka maƙale a Jibiya, Illela da Konni, da yawanmu muka ci bashin banki mai ruwa. Yanzu ana tallata mana katin bashi marar ruwa, wai mu biya tsohon bashin da shi.

Rashin ruwan nan na wa'adi ne. Da zarar wa'adin ya cika, ruwa zai hau kan ragowar, galibi ya fi na banki tsada. Ana kuma cajin ciro tsabar kuɗi, kuma jinkirin wata ɗaya kan soke rangwamen.

Saboda haka kafin mu sa hannu, mu raba bashin bisa watannin wa'adi. Naira 1,200,000 a wata 12, naira 100,000 ke nan duk wata. In riba ba za ta ɗauka ba, mu haƙura. Mu tambayi banki ko akwai tara kan biya kafin lokaci. Mu kuma ci bashi da kuɗin da muke ciniki da shi. Wanda ya ranci sefa yana sayarwa da naira ya ɗanɗana kuɗarsa da naira ta faɗi bayan Yunin 2023.

Mai shakkar halascin katin ya tuntuɓi malamai, tunda sharaɗin ruwa na cikin yarjejeniyar. Mu kuma riƙe adashinmu da kyau.

Allah ya sauke mana nauyi, ya sa wa kasuwa albarka.