Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Riƙe Karatu Da Biro Da Takarda

 Yau magana ta ɗalibai ce, musamman masu jiran jarrabawa: 'yan BEPC da BAC a Nijar da Kamaru da Chadi, 'yan WAEC da NECO da JAMB a Najeriya, da 'yan BECE a Ghana. Iyaye ma ku matso kusa, tunda ku kuka sayar da hatsi ko akuya kuka biya kuɗin rajista.

Ɗan'uwa ɗalibi, 'yar'uwa ɗaliba, kun san wannan ciwon. Ka kwana kan littafi, ka maimaita shafi sau biyar har ka ji ya zauna daram. Bayan mako guda a tambaye ka, sai ka ji kanka fayau. To, ba daƙiƙanci ba ne. Haka Allah ya yi ƙwaƙwalwar ɗan Adam.

Wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya auna mantuwa a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Yakan haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, sannan ya duba wahalar da zai sha kafin ya sake haddace su. Bayan awa ɗaya kacal, fiye da rabin aikinsa ya zube. Bayan kwana ɗaya, abin da ya rage kusan kashi ɗaya cikin uku ne. Daga nan zubewar ta rage gudu: bayan kwana 31 akwai sauran kusan kashi 21 cikin ɗari. Wato mantuwa da farko take ɓarna. Ya kuma lura cewa bitar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka dunƙule a zama ɗaya.

Abu na biyu, sake karantawa daban, tunowa daban. A 2006 wasu masana biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun ba ɗalibai rubutu su karanta. Wasu suka yi ta maimaita karatun, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, masu maimaitawa ne a gaba. Da aka gwada bayan mako guda, masu tunowa da ka suka wuce su. Ka ga ke nan, daɗin da kake ji idan ido na bin layin da ya saba da shi, yaudara ce. Wahalar nan ta lalubo amsa a ka, ita ce ke kafa karatu.

Mu nan wannan ba baƙon abu ba ne. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam da ka. Mahaddaci kuma bai yarda da haddar bara ba, kullum yana tilawa. Mai izu biyu a rana yakan zagaye izu sittin a wata. Abin da za mu ƙara kawai shi ne tsarin da zai nuna maka abin da ya kamata ka bita yau, da wanda zai iya jira.

Tsarin na wani ɗan jarida ne Bajamushe, Sebastian Leitner, wanda ya bayyana shi a littafinsa na 1972. Shi akwati ya yi mai gida biyar. Kai ambulan biyar sun ishe ka, ko robar ɗaure kuɗi guda biyar. Ba waya, ba caji, ba jiran wuta.

Ka samu kwalin sukari ko na shayi, ko ragowar shafukan tsohon littafin rubutu, ka yayyanka ƙanana kamar tafin hannu. A gaba ka rubuta tambaya, a baya amsa. Misali, gaba: "Yaushe Nijar ta samu 'yancin kai?" Baya: "3 ga Agusta, 1960." Kati ɗaya, tambaya ɗaya. Kar ka cusa babi guda a kati. Kuma kar ka rubuta abin da ba ka gane ba. Fara tambayar malam tukuna, don haddar abin da ba a fahimta ba ɗiban ruwa ne da kwando.

Duk sabon kati yana shiga ambulan ta 1. Ga jadawali mai sauƙin riƙewa: ambulan ta 1 kullum, ta 2 Talata da Juma'a, ta 3 ranar Lahadi, ta 4 ranakun 1 da 15 ga wata, ta 5 ƙarshen wata. Ka ɗauki kati, ka karanta tambayar, ka faɗi amsa da baki ko ka rubuta, sannan ka juya. In ka dace, kati ya ci gaba zuwa ambulan ta gaba. In ka kuskure, ko da daga ta 5 ya fito, ya koma ta 1. A nan ake son gaskiya. "Ai na sani, bakina ne ya kufce" ba amsa ba ce. Mai duba takardar jarrabawa ba zai karɓa ba.

Amfanin tsarin shi ne abin da ya zauna ba ya cin lokacinka, abin da ke ba ka wuya kuma kullum yana gabanka. Kati 10 sababbi a rana, cikin kwana 90 kana da 900. In uzuri ya sa ka tsallake kwana biyu, kar ka ƙara sababbi sai ka biya bashin tsofaffi.

Wanda yankan kati ya yi masa yawa, littafin rubutu ma ya isa. Ka ninke shafi gida biyu, tambayoyi a hagu, amsoshi a dama. A saman shafin ka rubuta ranakun bita: bayan kwana 1, 3, 7, 14 da 30. Darasin da ka koya ran 1 ga Maris, za ka waiwaye shi ranakun 2, 4, 8, 15 da 31. Ka rufe amsa, ka gwada, ka sa alama a kan wadda ta kufce. Masu haddar Alƙur'ani kuwa, sunan sura ko lambar izu kawai za ku rubuta a kati, kada ayoyi su riƙa yawo a ƙasa.

Sai dai a sani, kati na riƙe shekaru, kalmomin Turanci da Faransanci da Larabci, da ƙa'idojin lissafi da kimiyya. Ba ya koya maka warware lissafi ko rubuta insha'i. Waɗannan sai ka zauna da tambayoyin shekarun baya ka yi ta gwadawa.

Iyaye da yayye, ga inda za ku taimaka ko da ba ku yi boko mai zurfi ba: bayan sallar isha'i ku riƙe katin, yaro ya ba da amsa, minti 20 ya wadatar. Ɗalibi kuma, yau ɗin nan ka yanka kati goma daga darasin da aka yi maka da safe, gobe ka tambayi kanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba da sa'a, ya sa albarka a karatu. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.