Shagunan Tsofaffin Kaya na Ƙungiyoyin Agaji a Birtaniya

A Birtaniya, ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam, wadda aka kafa a 1942, suna da shagunan da 'yan sa-kai ke sayar da kayan da jama'a suka bayar kyauta, ribar kuwa ta tafi ayyukan jinƙai. Wasu shagunan sun keɓanta da tsofaffin kaya masu daraja, waɗanda dillalai ba sa kiransu kayan tarihi sai sun kai shekara 100. Gogaggen mai saye yakan kifa farantin tangaran ya duba hatimin masana'anta a gindinsa, domin hatimin kan taimaka wajen gane darajarsa, ko da yake ba a cika yin tayi a waɗannan shagunan ba. Suturar da ta yi kwantai kuwa akan ɗaure wani kasonta dila-dila zuwa kasuwannin gwanjo irin su Kantamanto ta Ghana.