Bahaushe Kirista a Bakin Aikin Gwamnati: Ƙasar Rano da Kibiya



Akwai wata kalma da Turawa suke amfani da ita in suna zancen hukumar da ba ta jingina da wani addini ba, watau «sekula». Har yau ɗin nan Hausa ba ta yi mata masauki ba. Masu fassara sukan ce «wadda ba ruwanta da addini», amma fa duk Bahaushen da ya ji an ce wane ba ruwansa da addini ya san zagi aka yi, ba bayanin tsarin mulki ba. Rashin kalmar nan ba talaucin harshe ba ne. Abin ne babu shi a zaman jama'a, shi ya sa baki bai nemi sunansa ba. A Faransa, tun daga dokar 1905 wadda ta raba majami'a da gwamnati, ma'aikaci yakan ajiye addininsa a ƙofar ofis kamar yadda ake tuɓe takalmi a ƙofar zaure. Damuwar Kirista a can ita ce yadda zai riƙe bangaskiyarsa a cikin mutanen da zancen Allah bai dame su ba. Wanda ya ɗauko irin wannan damuwa ya kawo ta sakatariyar ƙaramar hukuma a kudancin Kano, lalle ya yi ɓatan kai. A nan da addu'a ake buɗe taro, da ita ake rufewa, masallaci yana cikin harabar ofis, butoci suna jere a bakin famfo. Dokar ce ba ta da addini, amma ofishin cike yake da masu addini.

Dokar kuwa a sarari take. Sashe na 10 na Tsarin Mulkin 1979, wanda aka maimaita a cikin na 1999, ya hana gwamnatin tarayya da ta jiha su mai da wani addini ya zama na hukuma. A cikin na 1999 sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da 'yancin sake shi, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda addininsa ko asalinsa. Kalmar nan ta Turawa ba ta cikin sashe na 10, kuma wanda ya tuna zafin muhawarar shari'a a Majalisar Tsara Tsarin Mulki ta 1978, har wakilai da dama suka fice daga zauren, ba zai yi mamakin haka ba. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'a a 2000, ta kafa Hukumar Hisba da doka a 2003, amma dokokin aikin gwamnati ba su taɓa cewa a tambayi akawu alƙiblarsa kafin a ba shi tebur ba.

To, wane ne wannan ma'aikaci da ake zancensa? Ba baƙon da ya zo daga kudu ya sauka a Sabon Gari ba ne. Ɗan ƙasa ne, kuma ƙasar ba ƙarama ba ce a tarihi: Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. A ƙauyukanta, da na Kibiya da Sumaila da Tudun Wada, an daɗe da gidajen Maguzawa, Hausawan da suka tsaya a kan addinin kakanni. Galibin masana sun ɗauka sunan daga Larabci ya fito, daga Majusu, kuma shi ne ya ba su matsayin masu biyan jiziya a ƙarƙashin sarakunan Musulunci. Joseph Greenberg ya zauna da Maguzawan Kano a ƙarshen shekarun 1930, littafinsa a kansu ya fito a 1946. A zamanin nan ne kuma ƙofa ta fara buɗewa ga 'yan mishan, domin tun alkawarin da Lugga ya yi a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addini ba, Turawan mulki sun yi ta tare su daga ƙasashen sarakuna. Ta hanyar jinyar kutare mishan ɗin SIM ta samu shiga, sa'an nan ta buɗe asibitin ido a Kano a 1943. Ikilisiyoyin da ta kafa su ne suka zama ECWA a 1954. Daga baya Katolika da Anglika su ma suka yi aiki a cikin Maguzawa. Da shekaru suka tura, musamman bayan rangadin musuluntarwa na Sardauna a tsakiyar shekarun 1960, zama a kan tsohon addini ya yi wuya. Yawanci suka musulunta, waɗansu suka bi Almasihu. Sau da yawa a gida ɗaya aka rabu, wa ya kama hanyar masallaci, ƙane ya kama ta majami'a, gandu kuwa yana nan ɗaya.

'Ya'yan ƙanen nan da jikokinsa su ne suka yi karatu, musamman bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976, suka zama malaman makaranta, malaman asibiti, unguwar zoma, malaman gona da akawuna. Abin da ya fara tarbarsu a bakin aiki shi ne suna. Mutum ya miƙa takardunsa, an ga Musa ko Yakubu ko Haruna, an ji Hausarsa ta Kananci tsantsa, ba wanda ya ɗaga kai. Sai azahar ta yi, kowa ya ɗauki buta, shi yana zaune. Nan ne hira takan yanke. Wanda kuwa aka raɗa wa Bulus ko Bitrus ko Rahila, tun a wajen neman takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma yakan gamu da tambayar nan mai ciwo: «Kai daga ina iyayenka suka zo?» Alhali kabarin kakan kakansa yana bayan gida. Takardar nan ba abin wasa ba ce, da ita ake shiga makarantar gaba, da ita ake neman aiki, kuma sai ta bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi. Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, ƙungiyar Hausawa da Fulani da Barebari Kirista, ta sha kai kuka a kan wannan takarda, da filin gina majami'a, da rashin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Saboda haka jarrabawa ta farko ba ta ƙarya ba ce, ta shiru ce. Yaro yakan bar sunan baftisma a gida ya rubuta wanda ba zai ta da ƙura ba, ya bar mutane su zaci abin da suke so. Bai kamata a yi gaggawar ganin laifinsa ba. Wanda bai taɓa zuwa neman aiki da yunwar gida a bayansa ba, sai ya sassauta hukunci. Amma kuma wanda ya shiga da ɓoyo yakan daɗe yana biyan kuɗin ɓoyon, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ba kullum haka abin yake ba, tarihin Arewa kansa shaida ne. Wusasa, inda mishan ɗin CMS ta koma daga birnin Zariya a ƙarshen shekarun 1920, ta fitar da Dokta R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda aka zaɓa shugaban Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta. Ta kuma fitar da Farfesa Ishaya Audu, likitan Sardauna, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Ba ɗayansu da ya sake suna. Sai dai kada a manta, waɗannan sun zo a lokacin da mai ilmin zamani yake tsada ƙwarai. Ɗan Bamagujen Kibiya mai takardar shaidar malanta ya zo a lokacin da masu takarda suka fi kujeru yawa, kuma inda kujera ta yi kaɗan, nan ake tono asali.

Wani abu da mai nazarin harshe ba zai ƙetare ba shi ne, su biyun nan da bakin addini ɗaya suke magana. Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932, aikin da Dokta Miller ya daɗe a kansa tare da waɗansu, da sunan Allah ya kira Mahalicci. A majami'a ana cewa sujada, ana cewa zakka, addu'a, annabi, alheri, zunubi, lahira. In an yi albashi, dukkansu hamdala suke yi. Wannan kusanci yana da daɗi, yana da haɗari: daɗinsa, ba a bukatar tafinta, haɗarinsa, kalma ɗaya takan ɗauki ma'ana biyu, sai hirar bakin ofis ta juye gardama, gardama ta kai inda ba a so. Ma'aikacin da ya san ciwon kansa yakan gane cewa teburin gwamnati ba mumbari ba ne. In an tambaye shi abin da ya gaskata ya faɗa a taƙaice, ba tsoro ba gatse. In ba a tambaya ba, ya ci gaba da fayil ɗinsa.

A cikin kalmomin nan da suka yi tarayya, wadda ta fi nauyi a ofis ita ce amana, kuma a nan ne bangaskiya take fitowa fili ko ta faɗi. A ɗauki malamin gona a yankin noman rani da ruwan madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, ya raya. An kawo taki mai rangwame, buhunan ba su kai yawan manoma ba, an ce ya sa hannu a kan jerin sunayen da ya san rabinsu ba su taɓa riƙe fartanya ba. Ko akawun kuɗi da aka miƙa wa baucar aikin da ba a yi ba. Ko malamin asibiti da aka ba maganin kyauta, kantin magani kuwa yana tsallaken titi. Ba wanda zai ce masa ya bar Almasihu, abin da za a ce kawai shi ne, «Malam, sa hannu mana, kowa zai samu nasa.» In ya ƙi, ba korarsa za a yi ba. Sai dai a manta da shi ranar ƙarin girma, ko a tura shi ƙauyen da mota ba ta zuwa da damina. Ga kuɗin makaranta, ga 'yan'uwa da suka ɗauka duk mai albashi mai arziki ne, ga kuma ita kanta majami'a da take sa ran baikonsa ya fi na manomi. Wannan na ƙarshe ya kamata dattawan ikilisiya su dube shi da kyau. Fastoci suna yawan kafa misali da Yusufu a gidan Fir'auna da Daniyel a fadar Babila, bayin Allah da suka yi wa sarakunan wani addini aiki da gaskiya. Amma ba kasafai ake tambayar mai babban baiko inda ya samo shi ba.

Kuma a wannan fage ba Kirista kaɗai yake tsaye ba. Akawun da ya ƙi sa hannu yakan waiwaya ya tarar wanda ya goya masa baya wani dattijo ne mai tabon sujada a goshi, wanda ya ba shi shawarar ya ci kuwa mai yiwuwa tare suke zama a benci ɗaya ran Lahadi. Layin da ya raba ofis gida biyu a kan kuɗi bai bi layin addini ba. Akwai kuma ma'aikacin da ba ya zuwa aiki sai ya ga dama, in an ba shi takardar tuhuma ya ruga majami'a ya ce tsanani ake yi masa saboda bangaskiya. Irin wannan yana ɓata kukan masu kukan gaskiya.

Adalci ya sa a faɗi cewa shi ma Musulmi yana da nasa ƙorafin a kan wannan hukuma da aka ce ba ta da addini. Hutun Lahadi gadon Turawa ne, kalandar albashi ta Miladiyya ce, Juma'a kuwa ranar aiki ce, sai dai a tashi da wuri. Saboda haka kowanensu yana ganin ofishin ya karkata ga ɗan'uwansa: wannan yana duban kalanda, wancan yana duban wanda ke riƙe da biro. Dokar Rantsuwa ta 1963 ta nuna yadda za a iya raba gardama ba tare da an kori addini ba: Musulmi ya rantse da Alƙur'ani, Kirista da Littafi Mai Tsarki, wanda ba ya son rantsuwa ya yi alkawarin faɗin gaskiya, shari'a kuma ta karɓi ukun daidai wa daida. Abin da ake bukata daga shugaban sashe bai wuce haka ba. Masarautar Rano an kafa ta a 1981, an rushe a 1983, an mayar a 2019, an sake rushewa a 2024, sa'an nan a shekarar aka maido ta da daraja ta biyu a kan Rano da Bunkure da Kibiya. A duk wannan kai da kawowa, tambayar da talaka Kirista yake yi ba ta sake ba, watau ko mai unguwa zai sa hannu a takardar ɗansa kamar yadda ya sa a ta ɗan maƙwabcinsa.

Inda zaman nan ya fi kyan gani shi ne ƙaramin asibitin ƙauye, wurin da ba a rufewa. Ba wata takardar umurni da ta tsara shi, amma jadawalin aiki yakan gyara kansa: ranar Sallah Kirista ya riƙe ɗakin haihuwa da ɗakin magani, ran Kirsimeti da Ista Musulmi ya rama masa. Da azumi yakan ɗauki aikin yamma don abokinsa ya je shan ruwa, abincinsa na rana kuwa ya ci a keɓe, ba don wata doka ba, don kunya. Lissafin yakan rikice ne in ranakun suka haɗu, kamar yadda Babbar Sallah ta faɗo ran Lahadi, 16 ga Yuni 2024, Ƙaramar Sallah kuma ta sake faɗowa ran Lahadi, 30 ga Maris 2025. Idi da safe ne, sujada ma da safe ce, mai naƙuda kuwa ba ta san kalanda ba. A irin wannan rana Kirista ne ya fi cancanta ya zauna, domin Idi sau biyu yake zuwa a shekara, Lahadi kuwa kowane mako. In ya tashi sai ya tarar da addu'ar yamma. Kafin azahar kuma kwanon tuwon Sallah ya iso masa har bakin tebur, an rufe shi da faifai.